Rijiyar Yaya Habu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah Ya jiƙansa. Da yawa cikin masu karanta jaridar nan ba su taɓa jin sunansa ba, don manomi ne kawai a wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Lajawa. Bai yi boko ba. Ni ma da nake rubutun nan sai bayan ransa na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Wudil, inda nake ɗinkin riguna.

Akwai magana ɗaya da Yaya ba ya iya haɗiyewa, wato a ce abu ba ya ganuwa. In mutum ya faɗi haka a gabansa sai ya gyara zama ya ce, “Ka ce kai ne ba ka gane ba tukuna.” Muna yi masa kallon mai taurin kai, har sai da zancen kurkunu ya taso.

A wancan lokaci, da ruwa ya sauka sai kurkunu ya kwantar da mutanen ƙauyenmu. Ƙato ya ga gonarsa ta yi ciyawa, shi kuwa yana zaune a zaure da ƙafa a kumbure, yana naɗe tsutsa a jikin tsinke. Wata shekara mu uku muka kwanta a gidanmu, geron da muka samu bai kai mu bazara ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ciwon a jini yake. Kowa dai ya yarda ba abin da zai warwaru ba ne.

Yaya ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida yana tambaya: wa ya kwanta, wa ya tsira, ina suke ɗibar ruwa. Ya tarar duk gari a kududdufin bayan gari ake sha, in ban da gidan Malam Isa, limaminmu, mai tsohuwar rijiya a tsakar gida. A gidan nan mutum ɗaya ne ya kamu, babban ɗan Malam, wanda gonarsa ke gefen kududdufi, yake kuma sha a can in rana ta yi zafi.

Da Yaya ya kai wa mai unguwa zancen, sai mai unguwa ya ce, “Habu, ruwan da kakanninmu suka sha ne za ka ɗora wa laifi? Gidan Malam ai addu'a ce ta tsare su.”

Yaya ya ce, “Ranka ya daɗe, addu'ar ba ta kai kan ɗansa ba ne?”

Duk da haka ba wanda ya daina shan ruwan kududdufi. Sai Yaya ya roƙi Malam Isa iznin ɗiba a rijiyarsa, ya hana kowa a gidanmu taɓa ruwan kududdufi. Matarsa, Yaya Hajo, ita ta ɗauki wahalar, tulu bayan tulu. Damina ta zagayo, sai ga kurkunu a ƙafar Yaya da kansa. Ba irin dariyar da ba a yi masa ba. Ni kaina na ce ya haƙura. Ya dube ni daga kan tabarma ya ce, “Wa ya san tun yaushe ta shiga jikina? A ƙara shekara ɗaya.”

Aka ƙara. Daminar da ta biyo, gidanmu kaf muka yi noma a tsaye, maƙwabta na kwance. Mai unguwa da kansa ya kira gayya, aka haƙa rijiya a bakin masallaci. Yaya ya sha ruwanta damina biyu, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yau ga malaman tsafta suna yawo a kan keke suna faɗin abin da ya gano da sandarsa. Da yana nan, na san zai tare su da tambayoyi har su gaji. Ko'ina kuma zancen mulkin kai ake yi, wasu na cewa ba za mu iya ba, al'amarin ya fi ƙarfin fahimtarmu. Ba na shakkar amsar da zai ba su.

Amma akwai abin da zai ɓata masa rai. Bara bakin rijiyar ya rufta, aka yi ta cewa gobe za a gyara, har mutane suka koma kududdufi. Bana mutum huɗu sun kwanta. Bai bar mana dukiya ba, abin da ya bari shi ne sanin inda ciwon yake fitowa, kuma wanda ya sani ba shi da uzurin da kakanninmu suke da shi. Na yi magana da mai unguwa, an sa gayya da zarar an gama yankan dawa.

Da na karanta wa Yaya Hajo rubutun nan, ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, “Ya yi kyau. In ka aika wa masu jaridar, ka taho da igiya da diga.”