Hayaƙin Tsumma a Shagon Mai Walda

Ko da zan manta duk abin da na karanta a injiniyanci, ba zan manta wata ranar Laraba a shagon wani mai walda a Tarauni ba.

Lokacin ina digiri na biyu. Aikina shi ne ƙera matatar da za ta kama zaiba, ƙarfen nan mai guba da ke gudana kamar ruwa, daga hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal, don idan ta bi iska a ruwa take sauka, ta shiga kifi, ta illata ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Na zana wata tukunyar ƙarfe, aka ƙera min, na cika ta da gawayin ɓawon gyaɗa haɗe da farar wuta. A takarda lissafi ya fita tsaf. A ɗakin gwaji kuwa, sau uku zaibar na wucewa abinta. Malamina ya ce ko in gyara cikin wata guda, ko in maimaita shekara.

Na wanke tukunyar a makaranta, na zuba sabon gawayi. Washegari na ɗauko ta a adaidaita daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi zuwa wurin wanda ya haɗa min ita, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo da ya tsufa a Kano. Da faɗa na je, na ce waldarsa ce ke yoyo. Har yau ina jin kunyar muryar da na yi masa magana da ita.

Bai musa ba. Ya kunna tsumma a bakin bututun ƙasan tukunyar, ya saita fanka.

"'Yata, ƙirga."

Ban kai biyu ba hayaƙi ya ɓullo ta sama.

"Kin gani? Ba ya ratsa gawayinki, gefe yake bi inda ya fi sauƙi. Kin taɓa leƙa cikin salansar mota?"

"A'a, Baba."

Ya jawo wata tsohuwar salansa da ya yanka, ya nuna min farantan da ke tilasta wa hayaƙi zagaye. Muka juye gawayin, ya liƙa faranti uku a cikin tukunyar, muka mayar. Wannan karon sai da na ƙirga tara.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, ya nuna matatar ta kama zaibar, malamina ya duba takardar sau biyu, ya ce, "Wa ya ba ki wannan dabarar?" Na gaya masa gaskiya, na kuma rubuta sunan dattijon a shafin godiya.

Yanzu matatun hayaƙi nake zana wa masana'antu. Abin da na koya a ranar shi ne, kafin in ɗora wa mai aikin hannu laifi, in fara tambayarsa abin da idonsa ya gani.