Malfar Kawu

A garinmu ba a yin zambo a banza. Kowace baƙar magana tana da mai ita, ko da maroƙi bai kama suna ba. Na san wannan tun ina yaro, amma shekara uku a kwalejin horon malamai suka mantar da ni. Na dawo Wara da takarda, ina ganin ni zan waye kan mutanen bakin ruwa. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, kuma duk wanda ya taɓa kwana can sai ya dawo yana taku ɗai-ɗai.

Ranar rufe makaranta na ce za mu yi wasan kwaikwayo. Na ɗauko wani tsohon wasan ban dariya daga littafin karatu, labarin wani mai cika baki da ke cewa ya kashe zaki, amma akuya ta yi atishawa ya faɗa rumbu. Na haɗa da wata tsohuwar waƙar wa'azi a kan girman kai don buɗe taro. Abokin aikina, wani malami ɗan Kontagora, shi zai fito a mai cika bakin. Da safe ya ce ba shi da abin sawa a ka, sai na leƙa zauren kawuna na zaro malfarsa mai facin jar fata a gefe.

Kawun nan shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, da kifinsa na yi karatu. Don shi na shirya wasan, ina so ya ga wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Mutum ne mai mutunci, abu guda ne lagonsa: labarin giwan ruwan da ya kama kafin tafkin madatsar ruwa ya cinye tsohon gari. Kifin nan kowace shekara sai ya ƙara tsawo. Ana sauraronsa ba musu, don ba wanda ya kai shi sanin ruwa, kuma ba a gardama da mai furfura a kan kifinsa.

Bayan la'asar fili ya cika, Kawu yana bencin gaba da sabuwar hula. Na rera waƙata da duk muryar da Allah ya ba ni. Ba wanda ya kula da karinta. Masunta sai satar kallon juna suke, na ji wata tsohuwa mai bandar kifi tana tambayar ta kusa da ita, "Da wa aka?"

An fara wasa, shiru kamar gidan makoki. Mutanena ba kallo suka zo ba, bincike suke. Wasu suna leƙen telan kasuwa, wasu suna duban mai jirgin fito, kowa yana auna maƙwabcinsa. Sai abokina ya fito daga bayan zana da malfa a kansa, yana buga ƙirji. Nan take filin ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina laɓe ina kumbura, na ce yau ƙauyawa sun gane fasaha. Da ya faɗa rumbu, mata har riƙe ciki suke. Wani daga baya ya ce, "To, ga giwan ruwa can ya shige rumbu."

Sai a lokacin na dubi Kawu. Yana zaune a miƙe, hannayensa bisa gwiwa, idonsa a kan malfar. Bai tashi ba har aka gama, don tashi amsa laifi ne. Kunya ta rufe ni, na ji haushin kaina da na garin gaba ɗaya.

Washegari na same shi a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa, na miƙa masa littafin.

"Kawu, wallahi ba da kai aka yi ba. Ga shi a rubuce tun ba a haife ni ba. Kowace makaranta ana karanta shi, har Sakkwato."

Kawu bai yi boko ba. Ya karɓa ya juya shi, ya daɗe yana duban baƙaƙen.

"Har Sakkwato kac ce?"

"Har can, Kawu."

"Ni na aza mutanen garinga kaɗai kat tara mini. Ashe har littahi anka sa ni." Ya miƙo mini abina da hannu biyu. "An gode, Malam."

Mutanen Wara har gobe suna cewa ba a taɓa wasa mai daɗin wannan ba, suna yaba mini da na iya zambo. Kawu bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, tuwona bai fasa zuwa ba. Amma har ya koma ga Allah bai sake ce mini ɗana ba, sai Malam.