Kafin Ya Zama Mushe

In ka je Shagari ranar kasuwa, ka zaga kara inda ake ɗaure dabbobi, za ka ga wata siririyar mace da safar roba a hannu tana buɗe bakin awaki tana leƙawa. Safinatu Haliru ke nan, malamar dabbobi. Dillalai ba su cika ƙaunarta ba, don in ta ce dabba ba ta da lafiya, ko wa ka ɗauko ba za ta janye ba. Suna cewa da taurin kanta aka haife ta. Ƙarya suke yi, ba su san ta a da ba.

A Horo Birni aka haife ta, gidan Malam Haliru, manomin gero da dawa. Ba shi da garke. Abin da ya mallaka shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja, sai 'yan awakin matarsa Hasiya. Safinatu na shekara tara wata akuya ta kasa haihuwa, aka rasa mai ƙaramin hannun da zai shiga, ita ta zura nata ta jawo ɗan da rai. Daga ranar uban ya laƙaba mata Likita. Da tsokana ya fara, amma yarinyar ta riƙe abin da gaske, ta gama sakandare a Shagari, ta samu shiga makarantar koyon kiwon lafiyar dabbobi.

A shekara ta biyu aka tura ta asibitin dabbobi a Boɗinga don sanin makamar aiki, ƙarƙashin Malam Ahmad, wani dattijo da yabo ke yi wa wuyar fita baki. A wurinsa ta koyi allura da ɗura da ɗinkin rauni, da yadda ake kayar da sa ba tare da ya karya mutum ba. Ciwon saifa kuwa a aji ta karanta shi. Dabba ta faɗi farat ɗaya, jininta ya yi baƙi ya ƙi daskarewa, kuma duk rintsi ba a kusantar ta da wuƙa, don cutar tana kama mutum. Ta haddace, ta rubuta a jarrabawa, ta ci. Amma ba ta taɓa ganinsa da idonta ba.

Wata Talata da hantsi, mako guda da saukar ruwan fari, tana riƙe da rago Malam Ahmad na yi masa ɗinki, sai wayarta ta yi ƙara. Ta koma gefe. Mahaifinta ne, daga gona, shi kaɗai.

"Likita, jan san nan ya hwaɗi. Cikinai ya kumbura, shina ta nishi. Mi za ni ba shi?"

"Baba, ya ci sabuwar ciyawa?"

"Tun jiya shika cin ta."

Sai ta yanke cewa kumburin ciki ne irin na farkon damina, ta ce ya nemo man gyaɗa ya ɗura masa. Ko ajiye wayar ba ta gama yi ba ya sake bugowa, ya ce san ya fara shure-shure.

Malam Ahmad na nan, taku biyar tsakaninsu. Da ta ɗaga murya ta tambaye shi, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. To amma uba ya kira ta Likita, yana jira, ita kuma kunya ta hana ta nuna cewa ba ta sani ba. Ban da haka, 'yar manomi ce kafin ta zama ɗaliba. A Horo Birni ko yaye ba a yi wa yaro ba ya san cewa in dabba ta kama hanyar mutuwa, gudu ake yi a ɗauko wuƙa, don in rai ya riga fita ta zama mushe, nama ya haramta, sai a ja ta daji a bar wa ungulu. Wannan karatun ya riga na makaranta shiga kanta, shi ne kuma ya fito bakinta.

"Baba, sa mai wuƙa. Yi maza kahin shi zama mushe."

"To, Allah shi yi miki albarka," in ji shi.

Ya yanka, ya feɗe da hannunsa, ya raba wa maƙwabta kashi-kashi.

Sai Juma'ar mako na gaba ta samu zuwa gida. Hasiya ta ɗauko mata soyayyen naman da ta ɓoye mata, ta zauna tana ba ta labari.

"Ni dai tun da nike ban taɓa ganin saifa awa ta san ga ba. Ta cika ƙwarya, baƙa ƙirin. Jinin ma ya ƙi daskarewa, har la'asar shina malala."

Safinatu ta ajiye tsokar da ta ɗauka. Da uban ya shigo ta kama hannunsa ta juya, sai ga ƙurji a wuyan hannun, daidai inda wuƙa ta ɗan shafe shi wajen fiɗa. Tsakiyarsa baƙi kamar gawayi, gefensa ya kumbura.

A tsaye ta kira Malam Ahmad. Washegari ya iso da ma'aikata, suka ƙone fatar da wurin da jinin ya zuba, suka yi wa shanun gari allura. Ita kuma ta bi gida-gida tana roƙon duk wanda ya taɓa naman ya tafi asibiti a Shagari. Suka tafi, wasu suna gunaguni, Allah kuma ya tsare su. A ƙofar gida, gaban dattawa, Malam Ahmad ya tambaya cikin faɗa, wa ya ce a yanka san nan?

Malam Haliru bai ko dubi inda take ba. "Ni nis sa wuƙa," in ji shi. "Ba wanda yac ce min."

Shi ne kuma ya ƙi zuwa asibiti. Ƙurjin ba ya masa ciwo ko kaɗan, haka cutar take, abin da ya yaudare shi ke nan. Ga huɗa ta kama, ga sa ɗaya ya rage masa, maƙwabci ya ara masa nasa na kwana uku kacal. Safinatu ta karɓo masa ƙwayoyi, ya sha sau biyu ya tura sauran ƙarƙashin tabarma. Ta durƙusa gabansa tana kuka.

"Haba Likita, ƙurjin da bai ciwo? Bari in ƙare huɗa, da ƙahwata za ni tahi."

Ranar da ya ƙare huɗar zazzaɓi ya kayar da shi a bakin gona. Kumburin ya bi hannu ya hau kafaɗa, ya kama wuya. Aka sa shi a mota sai Sakkwato, kansa a cinyarta. A gadon asibiti, da Hasiya ta fita alwala, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, ni nic ce ka yanka. Ka yahe min."

Da ƙyar numfashi ke fita, amma ya harare ta. "Yi shiru. Koma ki ƙare karatunki."

Kwana biyu bayan nan rai ya yi halinsa.

Ta koma, ta ƙare, aka ba ta takardar shaida. Ba ta yi murna ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Yanzu duk ƙarshen mako tana zuwa Horo Birni ta kwana wurin uwarta. Hasiya ta tsufa, ba ta da hirar da ta fi so irin ta 'yarta, duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji.

"Ba don ɗiyag ga ba, da garin ga ya ƙare. Ita tag gane ciwon." Sai ta share ido da bakin zane ta juyo. "Da ma Malam ya bugo miki waya kahin shi sa wuƙan nan, Sahinatu. Da yanzu shina nan."

"Haka Allah ya so, Inna," in ji Safinatu. Sai ta tashi ta fita tsakar gida.