Don Fulgencio da Ruwan Ɗaci

Shekara talatin filin gishirina na jingine da na Don Fulgencio Arreola a bakin tafkin Cuyutlán, ban taɓa ganin ya zubar da ko ruwan wanke hannu ba. Hannun jarirai gare shi tun yana saurayi.

Aikinmu ba wani asiri a ciki. Ka jawo ruwan da teku ke turowa tafki, ka tara a kwami mara zurfi, rana ta shanye ruwan. Gishiri ba ya bin tururi sama, sai ya kwanta fari fat. Amma kowa ya san ba a barin kwami ya ƙafe ƙaf. Ragowar ruwan nan mai yauƙi ɗaci ne zalla, dole ka buɗe masa magudana ya tafi. Wannan zubarwar ita ke ci wa Fulgencio rai. Yayansa Crispín ne ke tilasta masa, kuma shekarar da Crispín ya rasu, gogan ya toshe magudanar.

Na ce, "Maƙwabci, buɗe mana, za ka ɓata gishirinka."

Ya ce, "Ke dai Remedios, ci gaba da yi wa teku sadaka. Shi ne matalauci."

Buhunansa suka fi na kowa nauyi, ya yi ta hura hanci. Ya ɗora wa Doña Casilda su, mai yin cuku da gishirin can a kan duwatsu. Tun zamanin kakanni gidansu ke sayen gishirin Arreola, kuma rowarsa ta kore kowa, ita kaɗai ta rage masa.

Bayan damina sai Casilda ta sauko da mota shaƙe da cuku, wahalarta ta shekara guda. Ta yanka ɗaya a gabanmu, ta miƙa masa.

"Ɗanɗana, Don Fulgencio."

Ya tauna, idonsa na kawo ruwa don ɗaci. "Ai lafiya lau. Ɗan ƙarfi kawai ya yi."

"To madalla. Naka ne duka."

Ta sauke dunƙule arba'in a ƙofarsa, ta tsallako wurina ta kama gishirin baɗi. Ita na tausaya wa, shi kam ko ɗigo.

Karnukan unguwa suka shinshina suka wuce. Matarsa ta jure cin cukun wata biyu, ta tattara ta koma wurin 'yarsu a Manzanillo. Shi kuwa ya zauna shi kaɗai, safe da rana yana tura cukun nan da wainar masara yana yamutsa fuska. Wata goma sha huɗu ya yi kafin ya cinye, har ɓawon.