Rumbun da Na Zana

Da za a maido mini da rana guda, ranar da na zana rumbu yana cin wuta za ni zaɓa, in yage takardar.

Muna yara a Kamarawa, kakarmu Inna Hajo kan tara mu bakin murhu bayan isha'i. Ba da baki kaɗai take tatsuniya ba. Takan baje toka ta yi zane da kara, labari na wuce wurin ta shafe da tafin hannu. In na roƙe ta ta bari in ƙara kallo, sai ta ce, "Matsa can, mijin banza! Ba don kallo nika yi nai ba, hanya nika gwada muku."

Akwai tatsuniyar da take so, ta wani mutum da duk abin da ya zana a ƙasa sai ya tabbata. Ya zana rijiya, gari ya sha. Wata rana ya zana kura har da haƙora, don kawai a yaba hannunsa. Kafin ya shafe, ta miƙe ta ɗauke ɗansa. Dariya muka yi.

Na girma ina zana labarai ina sayarwa a kasuwar Sabon Birni. Labarin zane a takarda yake ƙarewa. Ka jefo mutum daga kan rimi, a shafi na gaba ya tashi ya kakkaɓe riga.

Sai masu fim suka zo daga Sakkwato, za su yi wasa kan ƙauyukanmu da 'yan bindiga suka ƙona. Suka ce in zana musu kowace fitowa, inda mai kyamara zai tsaya da inda ɗan wasa zai bi. Na zana manomi yana tsallakowa daga bakin rumbu, jinka na ci da wuta a kansa.

Darakta ya ce, "Baba, anya wanga za shi yiwu?"

Na ce, "Ba ga shi ga takarda ba?"

Sani, ɗan ƙanena, shi ya fito a manomin, ya shiga rumbun. Iska ta juya, jinkar ta rufta masa. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake riƙe fartanya ba. Har yau yakan durƙusa ya gaishe ni.

A bakin gadon jinyarsa na tuna tokar Inna Hajo. Zanen fim umarni ne, mai jini a jiki zai aikata shi.

Don Allah, duk wanda zai zana wa fim, kafin ya ja layi ya tambayi kansa ɗan wa zai tsaya a wurin. Ni ban tambaya ba.