Gumbar Tabawa da Awon Jini

Da asuba Tabawa tana bakin turmi tana dakan gumbar sadakar arba'in ta ƙanenta Zakariya'u. Ta haura shekara sittin, amma ta hana kowa karɓar taɓaryar. Ni kuwa ina ƙofar gida da abin awon jini a jaka, don ita ta kira ni.

Shekarata goma sha tara ina aiki a ɗakin shan magani na Tama, inda ake kira na Majo. Na gaji da ce wa mutane su gaya wa danginsu su zo awo. Kowa sai ya ce "to, Majo", ya fita, shi ke nan.

Zakariya'u ya faɗi ne a garkar albasa yana ban ruwa, yana da shekara arba'in da shida. Bayan mako biyu Tabawa ta zo wurina da ciwon gwiwa. Na tambaye ta yadda mahaifinsu ya rasu. A garinmu ba a yin wannan tambaya. Kwana ya ƙare, an rufe magana. Duk da haka ta ce mahaifin nasu, Malam Mukhtar, ya dafe ƙirji a hanyar kasuwa, bai kai gida ba. Wanta Iliyasu ma haka, a gona.

Na ce mata irin wannan ciwon zuciya yakan bi jini. Ajali na Allah ne, amma awo da shan magani da rage gishiri aikinmu ne.

Ba ta ce "to" ba. Cewa ta yi, "Ran arba'in duk suna nan. Ka taho da abin naka."

Da hantsi aka shafa addu'a, maza na kan tabarmi suna jiran rabo. Tabawa ta fito da ƙwaryar gumba, ta ajiye ta a bayanta, ta zauna. Ta kira sunayen mamatan uku, ta faɗi yadda kowannensu ya faɗi. Dattawa suka sunkuyar da kai.

"Duk jinin Mukhtar," in ji ta, "ba mai taɓa gumbar ga sai Majo ya ɗaure mai hannu."

Wanda take tsoro wa shi ne Abdulhamid, ɗan Zakariya'u na fari, mai lodin albasa a Madawa. Sau biyu ta gan shi ya tsaya a hanyar rijiya yana haki, ya duƙa kamar mai gyara takalmi.

Ya yi dariya. "Haba Goggo, ni da ke ɗaukar buhu biyu? A auna tsofaffi."

"Ubanka uku yake ɗauka."

Ya daina dariya.

"Ni na goye ka, Abdu," ta ce a hankali. "Ba ni son in daka taka gumba."

Ya naɗe hannun riga.

Mutum ashirin da uku na auna a ranar. Biyar jininsu ya hau, na Abdulhamid ya fi na kowa. Na sake auna shi sau uku a makon, bai sauka ba. Na rubuta masa takarda ya je asibitin Buza a duba zuciyarsa. Ya ce sai an gama kwasar albasa. Na san wannan amsar, na sha jin ta.

Tabawa ba ta yi masa gardama ba. Ran kasuwa ta zo tasha tana ɗingishi, ta hau motar Buza, ta ɗora ƙunshinta a kujerar da ke kusa da ita. Ta aika a gaya masa ba za ta sauka ba, ƙunshin ma ba zai sauka ba. Direba ya yi ta danna oda, fasinjoji na gunaguni, rana na dukan kwanon motar.

Can sai ga shi tafe, fuska a murtuke, takardata a hannunsa. Ta ɗauke ƙunshin ta rungume a cinya. Da ya zauna ta kama bakin rigarsa, ba ta saki ba har motar ta sha kwana.