Askar Kakata

A lakwal ɗin Dogon Dutsi, wato makarantar boko, zamanin Nasara, duk ranar Asabar malaminmu, wanda muke kira mushe, yakan ɗora ƙwarya ko tulu ko zangarniyar gero a kan teburi, ya ce mu zana. Ni ne gwanin ajin, kuma na san da haka. Tuluna yakan fito sumul kamar na cikin littafi, mushe ya ɗaga shi kowa ya gani, ni kuwa kaina ya kumbura.

Sai aka kawo wani ɗan makiyaya daga wajen Sukukutane, cikin waɗanda ake kamowa karatu dole. Faransanci ko ɗigo babu, fensir ma riƙon sanda yake yi masa. Ranar farko ya zana ƙwarya har da ɗinkin da aka yi mata inda ta tsage, abin da ni ban ma lura da shi ba. Mushe ya daɗe tsaye a kansa. Tun daga nan na tsane shi, ba tare da ya taɓa yi mini komai ba. Na ɓoye masa gawayi, na ce da yara yana warin nono. Shi kuwa kullum sai ya gaishe ni, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Da muka kai ga zanen fuskar mutum, aka rasa mai zama. Mutanen gari suka ce takarda tana ɗauke kurwa. Kakata ce ta yarda, ta ce ita da ta tsufa tana hulɗa da iskoki, ba takarda ce za ta ba ta tsoro ba. Mushe ya ce in an gama ta zaɓi zane ɗaya ta tafi da shi gida. Ban ko yi shakka ba. Wa ya kai ni sanin fuskar da ta goya ni?

Kakata tana da askar Arewa, tsagen fuska irin na ƙasarmu, tun daga gefen baki har kunne, ga ido ɗaya da ya ɗan shanye. Fuskokin littafinmu kuwa duk sumul suke, don haka na ɗauka zane mai kyau ke nan. Na bar askar, na buɗe mata ido, na cike mata kumatu. A ganina gata na yi mata.

Ta bi teburan tana dubawa. Da ta zo kaina ta ɗaga takardar, ta juya ta, ta dube ni.

"Wagga ɗiyar wa ta, jikana? Ba ta da aska, ba ta da gida."

Yara suka fashe da dariya. Ta wuce, har ta kai kan ɗan makiyayan. Ya zana askar layi-layi, da idon yadda yake, har da yadda take karkace baki in za ta yi mini tsiya. Ta dafa kansa.

"Wagga ni ta."

Hassada ta cika mini ciki har na kasa cin tuwo. Nawa zanen na yayyaga shi a bayan lakwal. Nasa kuwa ta naɗe shi cikin tsumma, ta sa a ƙasan ƙwaryar kayanta.

Damina biyu bayan haka ta rasu. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, sai takardar nan, kuma ni aka ba. Sau nawa na zauna in sake zana ta da ka, in mayar da askar, amma ba ta fitowa. In ina son ganin kakata, dole in bi ta hannunsa.

Jikokina sukan tambaye ni ko ni na zana, tunda sun ji ni ne gwanin aji. Har yau da ƙyar nake ce musu a'a.